Godiya Bayan Warkewa: Abin da Muka Ɗauka da Abin da Muka Bari a Gidan Siman

A yawancin ikilisiyoyin da ake sujada da Hausa, daga Jos zuwa Kafanchan, daga Biu zuwa Maraɗi, akwai wani lokaci a sujadar Lahadi da kowa ya san shi. Bayan sanarwa, sai sakatare ko wani dattijo ya ce iyalin wane suna da godiya. Matan zumunta su ɗauki waƙa, a buga tulu da ganga, wanda ya sha jinya ya taso daga ƙofar baya yana takawa a hankali, dangi da abokai suna biye da shi. Wani ya riƙo kaza, wata ta ɗauko kwanon masara a ka, mafi yawa ambulan ne a hannunsu. In an iso gaba sai ya ba da shaida: yadda ciwon ya soma, asibitocin da aka zaga, daren da aka fid da rai, da yadda Ubangiji ya tashe shi. Fasto ya yi addu'a, jama'a su amsa da amin, kowa ya koma wurin zamansa.

Ina ƙaunar wannan al'ada, ba na kuma so ta mutu. Tana tuna wa mai lafiya cewa lafiyarsa kyauta ce, tana kuma ba talaka da gwauruwa damar yin magana a gaban taron da ba kasafai ake jin muryarsu a ciki ba. Amma duk lokacin da na auna ta da labaran warkarwa na cikin Bishara, sai in ga rabin labarin muka ɗauka.

Labarin da ya fi nuna wannan gajere ne ƙwarai, ayoyi uku kacal a Markus sura ta 1, Matiyu da Luka ma sun kawo shi. Ranar Asabar ce a Kafarnahum, garin masunta a bakin Tekun Galili. Yesu ya fito daga majami'a ya shiga gidan Siman da Andarawas, tare da Yakubu da Yahaya. Surukar Siman tana kwance da zazzaɓi, Luka ya ƙara da cewa zazzaɓin mai tsanani ne. Kowane marubuci da abin da idonsa ya kama: Markus ya ga an kama hannunta an tashe ta, Matiyu ya ga taɓa hannu, Luka ya ji an tsauta wa zazzaɓin. Inda duka ukun suka haɗu shi ne abin da ya biyo baya. Matar ta miƙe ta shiga yi wa baƙi hidima. Ba a rubuta sunanta ba, ba a rubuta ko kalma ɗaya da ta fito daga bakinta ba. Aikinta kaɗai aka rubuta.

A lura da matsayin Yesu a gidan nan: baƙo ne. Ba a ɗauki matar an kai ta wurin wani taro ba, gidan ne ya buɗe ƙofa, warkarwa ta shigo tare da wanda aka karɓa. Da rana ta faɗi kuwa, Asabar ta ƙare, aka sami izinin ɗaukar kaya, sai mutanen gari suka kwaso marasa lafiyarsu suka cika bakin ƙofar. Duk wadda ta taɓa sauke baƙi ta san abin da wannan yake nufi a cikin gida: ruwan sha, wurin zama, fitila, abin da za a sa wa waɗanda suka kwana. Matar da da safe ake jinyarta, da dare gidanta ya zama wurin jinyar gari.

A 1968 masu tono na ƙungiyar Faransiskan suka soma haƙa a ƙarƙashin kangon wata majami'a mai kusurwa takwas ta ƙarni na 5 a Kafarnahum. Suka tarar da gidajen talakawa na baƙin dutse, ƙananan ɗakuna kewaye da tsakar gida, bango mara ƙarfin ɗaukar rufi mai nauyi. Rufin itace da ƙasa ne, kamar soron azara, abin da ya sa a Markus sura ta 2 mutum huɗu suka iya fasa shi suka zura shanyayye. Ɗaki ɗaya a cikin gidajen an yi masa shafe na musamman, masu ziyara sun yi ta rubuta addu'o'i a bangonsa. Wata mai ziyarar ibada, Ejeriya, ta rubuta a ƙarshen ƙarni na 4 cewa an mai da gidan Siman Bitrus majami'a, bangayensa na nan tsaye. Masana suna ta muhawara ko ainihin gidan ke nan, amma abin da ya tabbata ya ishe ni: wurin da Kiristocin farko suka girmama a garin gida ne na zama, mai murhu da tsakar gida.

Ba a nan kaɗai saukar baƙo da warkarwa suka zo tare ba. Matar Shunem ta gina wa annabi Elisha ɗan ɗaki a kan soro, ta sa gado da tebur da kujera da fitila, tun ba ta roƙe shi kome ba, daga baya a kan gadon nan aka tashi ɗanta. Shugaban tsibirin Malita ya sauke Bulus da abokan tafiyarsa kwana uku bayan jirginsu ya farfashe, a gidan ne kuma aka warkar da mahaifinsa daga zazzaɓi da atini. Luka sura ta 8 ta ambaci matan da aka warkar, Maryamu Magadaliya da Yuwana matar Kuza da Suzana da wasu da yawa, ta ce da dukiyarsu suke ɗaukar nauyin tafiyar Yesu da almajiransa.

Ba ina cewa godiyar baki ba ta da tushe ba. Kutare goma aka tsarkake a kan iyakar Samariya da Galili, ɗaya, Basamariye, ya komo yana yabon Allah da murya mai ƙarfi, Yesu kuwa ya tambayi inda sauran taran suke. Wannan Basamariyen shi ne kakan duk mai ba da shaida a gaban ikilisiya. Sai dai mutumin Garasa da aka fitar wa aljanu, da ya roƙa ya bi Yesu, gida aka tura shi wurin mutanensa. Shaida ƙofa ce, aikin yana can bayan an wuce ta.

Tarihin ikilisiya a ƙasarmu ya san wannan sosai. Asibitin Vom ya soma a 1922, aikin Garkiɗa a 1923 tare da zangon kutare da ya biyo baya a 1929, asibitin ido na Kano a 1943, asibitin Galmi a Nijar a 1950. A ƙarshen shekarun 1930 mishan na SIM ya karɓi kula da wuraren jinyar kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Ana yawan ba da labarin waɗannan wurare da sunayen likitocin Turawa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da yawa cikin masu wanke miki da masu ba da magani da masu koyar da karatu a wuraren nan, su ma a kan tabarmar jinya suka fara zuwa. Sun warke suka tsaya suna yi wa na bayansu, wasu kuma suka koma ƙauyukansu da ɗan ilimin magani da Littafi a hannu. Wajibi ne kuma a faɗi ɗaya gefen: duk inda aka mai da magani tarko, aka sa majinyaci ya ji sai ya sauya addini kafin a dube shi da kyau, an kauce wa hanyar Almasihu. Kutare taran da ba su komo ba, ba a karɓe musu lafiyarsu ba. Asibitin Galmi har yau yawancin waɗanda yake yi wa jinya Musulmi ne, haka kuwa ya kamata.

A yau waɗanda suka riƙe wannan rabin labarin su ne matan zumunta. A asibitocinmu, abinci da wanki da juya majinyaci aikin dangi ne. To, wadda aka kawo daga ƙauye mai nisa, kuɗin mai jinyarta ya ƙare ya koma neman bashi, wa zai duba ta? Sai ka ga mata biyu ko uku da zanen ƙungiya sun shigo da filas na kunun gyaɗa da kular fate da sabulu. Ɗaya ta tallafe ta ta zaunar, ɗaya ta riƙa ba ta kunun da cokali tana cewa, "Mama, daure ki ƙara kaɗan." Ta ukun ta tattara zannuwan da suka ɓaci ta nufi famfo. Sai sun gama wannan suke yin addu'a. In ka zauna da su za ka ji cewa wannan an taɓa yi mata aiki a wannan ɗakin, waccan ta yi wata da watanni tana jinyar mijinta a can. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, su kuwa da ƙafar suke yin godiyarsu, ba wanda ya kira sunansu a sanarwa.

Abin da yake damuna a al'adar godiya ta yau, kuɗi ne ya fara shiga gabanta. Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, ya zo wa Elisha da talanti 10 na azurfa da shekel 6,000 na zinariya da riguna 10. Da ya warke, annabin ya ƙi karɓar ko ƙwaya. Baransa Gehazi ne ya bi shi a guje ya karɓa da ƙarya, kuturtar kuwa ta koma kansa. Wannan labarin ya isa ya tsoratar da duk mai sayar da ruwan addu'a da man shafewa, da mai ce wa uwar yaro mara lafiya ta fara shuka iri kafin a ɗora wa ɗanta hannu. Ko a ikilisiyoyin da ba a yin wannan, godiya ta soma zama biki: anko, lemo, abincin baƙi, ambulan mai kauri. Har ta kai mutum ya warke ya yi ta ɗage godiyarsa don bai tara abin fita kunya ba, alhali kuɗin magani ya riga ya cinye masa gona. Surukar Siman da abin da ke cikin gidanta ta yi godiya, a ranar da ta tashi.

Akwai kuma waɗanda ba za su taɓa takowa daga ƙofar baya ana yi musu waƙa ba: mai ciwon sikila, mai wankin ƙoda, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, iyalin da suka yi azumi da addu'a amma suka dawo da gawa. Idan kowace shaida tana nuna cewa bangaskiyar mai ita ce ta jawo warkewa, me muke gaya wa waɗannan? Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Shi da aka warkar da mutane ta hannunsa, ya bar abokin aikinsa Tarofimas a Militas ba lafiya, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa. Mai wa'azin da ya sa majinyaci ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya, alhakin rai yana wuyansa. Wanda aka warkar kuwa, in yana neman inda zai kai godiyarsa, gidajen waɗannan bayin Allah ne suka fi bukatarta, domin shi ya san yadda dare yake tsawo a kan gadon ciwo.

Saura maganar maza. Sau da yawa ana karanta labarin surukar Siman a ranar mata, a kammala da cewa wurin mace madafa ne. Wannan karatun ya yi wa nassin ƙwange. Markus ɗin da ya ce matar ta yi hidima, shi ne ya ce mala'iku sun yi wa Yesu hidima a jeji, shi ne kuma a sura ta 10 ya kawo maganar Yesu cewa shi kansa yin hidima ne ya kawo shi duniya. A daren da aka bashe shi, Yesu ne ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Duk da haka, a ikilisiyoyinmu namiji yakan warke ya ba da shaida mai daɗi, ya ajiye ambulan, dubiya da wankin majinyata kuwa ya bar wa matarsa da ƙungiyarsu. A ɗakin maza na asibiti akwai tsofaffin da suke jin nauyin mace ta yi musu wanka ko ta kai su bayan gida, suna bukatar namiji ɗan'uwansu, ba sa samu. Zumuntar maza tana da kuɗi, tana da motoci, tana da lokacin taro. Da gunaguni ya tashi a ikilisiyar Urushalima cewa ana manta wasu gwauraye a rabon abinci na kullum, maza bakwai aka zaɓa aka ɗora musu hannu don wannan aikin, cikinsu har da Istifanas da Filibus.