Jigon Kiran Suna a Wasan The Crucible na Arthur Miller

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce duba yadda Arthur Miller, marubucin wasan kwaikwayo ɗan Amurka wanda ya rayu daga 1915 zuwa 2005, ya sarrafa tarihi a wasansa The Crucible, da kuma abin da wasan ya yi asara a sakamakon haka.

An haifi Miller a New York, a gidan wani attajirin Bayahude mai masana'antar ɗinka riguna, wanda karayar tattalin arziki ta 1929 ta tsiyata. Ya yi suna da All My Sons a 1947, da Death of a Salesman a 1949, kuma abokinsa Elia Kazan ne ya shirya su duka biyu a dandamali. To, a 1952 sai Kazan ya bayyana gaban kwamitin majalisar wakilai mai farautar 'yan kwaminis, ya kira sunayen tsofaffin abokansa. A shekarar ce Miller ya tafi garin Salem ya karanta takardun shari'ar maita ta 1692, wadda a cikinta aka rataye mutum 19, aka kuma danne wani tsoho, Giles Corey, da duwatsu har ya cika. An fara nuna wasan a 1953.

Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a kan zargin maita, domin ya san yadda majinyaci kan kira sunan wata tsohuwa, gari ya ɗauka. Abin da Miller ya gano shi ne tsarin kotun: wanda ya amsa laifin da bai yi ba, ya kuma kira sunan wani, shi ke tsira, mai gaskiyar da ya musanta kuwa sai igiya. Ta haka kowace ƙarya kan haifi wata. Ƙololuwar wasan tana a kashi na huɗu, inda tauraron, manomi John Proctor, ya sa hannu a takardar amsa laifi, amma ya ƙi ambaton kowa, daga bisani kuma ya yaga ta da ya ji za a lika ta a ƙofar coci. Nan jigo da zubi suka haɗu sarai. Shi kansa marubucin, da kwamitin ya kira shi a 1956, ya yi bayanin kansa ya ƙi kiran sunan kowa; aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958.

Sai dai akwai wurin da, a ganina, wasan ya yi rauni. A tarihi Abigail Williams, ɗaya daga cikin yaran da suka fara zargin, shekarunta 11 ne ko 12, Proctor kuwa dattijo ne mai kimanin 60. Miller ya mayar da ita budurwa 'yar 17, ya rage wa Proctor shekaru, sannan ya ƙaga musu mu'amalar banza. Babu laifi marubuci ya sauya tarihi, kuma shi ma bai ɓoye ba. Illar ita ce nauyin bala'in ya sauka a kan kishin yarinya guda mai son ganin bayan matar gida, alhali alƙalai da limaman coci da masu kwaɗayin gonakin maƙwabta su ne ke da ikon kisa. Proctor ya sami tuba da mutuwar girma; Abigail, marainiya 'yar aiki da maigida ya lalata, ba ta sami ko uzuri ba, sai sata da gudu.

Raunin ya ƙara fitowa a fim ɗin 1996, wanda Miller ya rubuta da kansa, Nicholas Hytner ya ba da umarni. A dandamali ba a nuna rawar da 'yan matan suka yi a daji ba, labarinta kawai ake ji daga bakuna masu saɓa wa juna, don haka ɗan kallo yana cikin duhun da mutanen garin suke ciki, yana auna jita-jita kamar su. Fim ɗin kuwa da wannan rawa ya buɗe, ga wuta ga tukunya ga jinin kaza a bakin Abigail. Tun kafin alƙali ya iso, ɗan kallo ya riga ya yanke mata hukunci.