Gwanintar mayar da mabuɗin Bitcoin kalmomi 24

Mabuɗin sirri na Bitcoin lamba ce guda mai tsawon gaske, bit 256, wadda ake taƙaita rubutunta da haruffa da alƙaluma 64. Wajen kwafe ta a takarda ido kan yaudari hannu: b ta koma 6, shi ke nan dukiya ta tafi. Shi ya sa nake jinjina wa wanda zai zauna gaban baƙin allon Linux, ya cire intanet, ya mayar da lambar nan kalmomi 24 da umarnin da ya buga da yatsunsa.

Tsarin da yake bi sunansa BIP-39. Marek Palatinus da Pavol Rusnak, masu ƙera na'urar Trezor, da wasu abokan aiki biyu ne suka gabatar da shi a 2013. Yana amfani da jeri ne na kalmomin Turanci 2048, daga abandon zuwa zoo, an zaɓe su da kyau har haruffa huɗun farko sun isa a gane kowace.

Da farko gwanin zai sa umarnin xxd ya mayar da rubutun mabuɗin ɗanyen bayani, ya miƙa wa umarnin sha256sum, ya yanko bit 8 na farkon sakamakon ya liƙa a wutsiyar mabuɗin. Sun zama bit 264 ke nan. Ya yanyanka su sha ɗaya-sha ɗaya, gida 24 cif, kowane gida ya nuna kalma guda a jerin. Waɗannan bit 8 su ne masu gadi, domin in an kuskure kalma, galibi manhaja za ta ƙi karɓa.

A ƙananan wurare ake gane ƙwararre. Ya san lissafin jerin daga sifili yake farawa, alhali umarnin sed daga ɗaya yake ƙirga layi, sai ya ƙara ɗaya. Ya san umarnin bc kan zubar da sifilin da ke gaba, sai ya mayar da su. Yana kashe ajiyar tarihin umarni tun kafin ya fara, don kada sirrin ya kwana a fayil. Kuma ba ya taɓa mabuɗin gaske sai ya gwada da sifili zalla, ya ga abandon sau 23, art a ƙarshe.

Abin da ya fi burge ni shi ne ya san iyakar aikinsa. In aka zuba kalmomin nan a sabuwar manhajar lalitar Bitcoin ta waya, tsohon kuɗin ba zai bayyana ba, domin manhajar za ta niƙa su sau 2048 da dabarar PBKDF2 ta haifi wasu mabuɗai dabam, da adireshi fanko. Mutum ya zaci an yi masa sata, alhali kuɗinsa na nan daram. Hanyar dawowa ita ce a bi sawu da baya, daga kalma zuwa lamba, har haruffa 64 su sake fitowa. Gwanin kan yi wannan dawowar nan take, ya gwama harafi da harafi, sannan ya rubuta a gefen takardar cewa ɗanyen mabuɗi ne a ciki, domin magajin da zai buɗe ta wata rana.