Coded Bias: Idan Kyamara Ta Iya Gane Baƙar Fuska, Shi Ke Nan An Gama?

Idan ka kalli Coded Bias, fim ɗin Shalini Kantayya na 2020, akwai wurin da zai zauna maka a rai. Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana mai bincike a MIT, tana gaban kwamfuta amma manhajar gane fuska ba ta ganin ta sam, sai da ta ɗora farar fuskar roba a kan tata.

Fim ɗin ya yi ƙoƙari wajen bayyana dalili. Irin wannan manhaja daga tarin hotuna take koyo, kuma yawancin hotunan na fararen fata ne. Binciken da Buolamwini da Timnit Gebru suka fitar a 2018 ya gwada manhajojin IBM da Microsoft da Face++ wajen bambance namiji da mace. Kuskure a kan maza masu hasken fata bai wuce kashi 0.8 cikin 100 ba, amma a kan mata baƙaƙe ya kai kashi 34.7.

To, ga inda muke da ja. Wannan hoton na fuskar roba yana da ƙarfi har zai iya sa ka ɗauka matsalar ta lissafi ce kawai: a ƙara hotunan baƙaƙe, magana ta ƙare. Ai ba nan gizo ke saƙar ba. Ka tambayi kanka: a wace unguwa ake kafa kyamarorin, kuma wa ke kallo? Fim ɗin ya taɓo wannan da labarin 'yan hayar wani gini a Brooklyn da suka ƙi a sa musu na'urar, sai dai bai tona tarihin abin ba.

Tarihin nan Simone Browne ta kawo shi a littafinta Dark Matters na 2015. A ƙarni na 18, dokar birnin New York ta tilasta wa bayi riƙe fitila idan sun fita da dare, don kada su ɓace wa ido. A Janairun 2020 kuma, 'yan sandan Detroit, birnin da yawancin mazaunansa baƙaƙe ne, suka kama Robert Williams a gaban 'ya'yansa, aka tsare shi awa 30, saboda manhaja ta haɗa shi da ɓarawon agogo.

Kuskure ne ya kai Williams bayan kanta. Amma fa ko manhajar ta daina kuskure, unguwar da aka fi zuba wa ido ita za a fi yin kame a cikinta. Ka kalli fim ɗin, ya cancanta, sannan ka nemi littafin Browne ya cike maka giɓin.