Darasin da Waya Ba Za Ta Iya Koyarwa Ita Kaɗai Ba

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, wani abu ya shigo gidajenmu, kuma har yau bai fita ba. Da farko jihohi irin su Kano da Kaduna suka riƙa sa darussa a rediyo da talabijin, makarantun kuɗi kuma suka koma tura wa yara aiki ta WhatsApp. An buɗe makarantu, amma karatu ta waya ya riga ya samu gindin zama. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, inda yaro zai shiga ta waya ya bi darussan ajinsu kyauta. Masu ɗan hali kuma sun gano kwasa-kwasan ƙasashen waje da ake biya da katin banki. Wasu suna sayensu a matsayin lesin bayan an tashi daga makaranta, wasu 'yan kaɗan ma sun cire 'ya'yansu daga aji gaba ɗaya suna karantar da su a gida.

Ni ba na adawa da wannan. Wanda ya ga yadda aka rufe makarantu a jihohi da dama bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a ƙarshen 2020 da na Jangebe a farkon 2021 ba zai raina duk wata hanya da za ta kai wa yaro karatu har ɗakin uwarsa ba. A lissafi ma ina ganin amfaninsa ƙarara, domin bakwai sau takwas hamsin da shida ne ko a Landan ko a Gwarzo, kuma malamin da ke cikin bidiyo ba ya gajiya da maimaitawa. Damuwata tana kan darasi ɗaya, wato ilimin zamantakewa, wanda yara ke kira soshiyal. Iyaye da yawa suna yi masa abin da suke yi wa lissafi: a saya wa yaro data, a miƙa masa waya, a ce ya je ya yi. A ganina, a duk darussan firamare babu wanda wannan ya fi cutarwa kamarsa.

Dalilin yana cikin yadda aka gina darasin tun asali. A Amurka ya girma, kuma tsarin da ya fi yaɗuwa a can shi ne wanda wani malamin Jami'ar Stanford mai suna Paul Hanna ya yi fice da shi: a fara da yaron kansa da gidansu, a fita zuwa makaranta da unguwa, sannan gari, sannan jiha, sannan ƙasa, daga ƙarshe duniya. Ta makarantar sakandare ta Aiyetoro, wadda aka buɗe a 1963 a yankin da yanzu yake Jihar Ogun, darasin ya fara kafuwa sosai a Najeriya, taron da aka yi a Mombasa a 1968 kuma ya ƙara yaɗa shi a ƙasashen Afirka. Duk wanda ya buɗe littafin soshiyal na aji ɗaya ko biyu zai ga tsarin yana nan: iyali, aure, al'ada, shugabanni, sana'o'i. Hikimar ita ce yaro ya fara da abin da idonsa ke gani kullum, ya hau kansa zuwa abin da bai taɓa gani ba.

To, kwas ɗin da aka tsara wa yaron Amurka shi ma daga ƙofar gida yake farawa, amma ƙofar gidan wancan yaron. Na zauna kusa da 'yar ƙanwata, tana aji uku, tana yin irin wannan kwas a kan tabulet. Darasin ranar a kan iyali ne, aka ce ta cike bishiyar zuri'a. Akwati ɗaya na uba, ɗaya na uwa, huɗu na kakanni, sai 'yan layuka na yayye da ƙanne. Yarinyar ta tsaya, yatsa a sama, ta ce, “Kawu, ina zan sa Umma Ƙarama?” Abokiyar zaman mahaifiyarta take nufi, wadda ke yi mata kitso, ta kuma ba ta abinci ranar girkinta. Babu wurinta a allon. Babu wurin ɗiyar Baffa da ake riƙo a gidan tun tana goye, wadda suke kwana a katifa ɗaya. Da ita kaɗai ce, abin da za ta yi shi ne ta cike abin da aka tambaya, ta samu alamar daidai, ta wuce, a ranta kuma ta ajiye cewa gidansu wani abu ne da bai shiga lissafin masu ilimi ba. Sai muka ɗauko takarda muka zana tamu bishiyar, ta yi rassa har ta cika shafi, sannan na yi mata bayanin cewa a wasu ƙasashe dokarsu mace ɗaya ta yarda a aura, shi ya sa akwatinsu ɗaya. Nan ta fahimci abu biyu a zama ɗaya, gidansu da gidan wasu, wanda kuma shi ne ainihin abin da darasin ke nema.

Haka abin yake tafiya babi bayan babi. Za a koya wa yaro lokutan shekara huɗu da dusar ƙanƙara da ganye mai zuba, alhali shi bazara ya sani da damina da kaka da hunturu. Za a ce idan gobara ta tashi ya kira 911, lambar gaggawa a nan kuwa 112 ce. Za a nuna masa mai raba wasiƙu gida-gida a cikin masu yi wa unguwa hidima, ba za a ambaci mai ruwa ba, ko ungozoma, ko 'yan sintiri, ko mai unguwa da ake kai wa ƙarar rikicin iyakar fili. Ba laifin masu kwas ɗin ba ne, ba don mu suka yi shi ba.

Kada a ce to ai sai a koma ga darussan da aka yi a Najeriya a huta. Sun fi kusa, babu shakka, tunda a kan manhajar hukumar NERDC aka ɗora su. Amma ƙasa mai jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 ba za a yi mata bidiyo ɗaya da ya san unguwar kowa ba. Ga kuma tsohuwar cutar da darasin ya daɗe da ita a azuzuwanmu, wato hadda: yaro ya rera ma'anar al'ada da Turanci babu tuntuɓe, ka tambaye shi me ya sa ake yanka rago ranar suna ya yi shiru. Intanet ba ta warkar da wannan ba. Tambayoyin zaɓi-ɗaya da ake yi a ƙarshen kowane bidiyo ma sun ƙara mata ƙarfi, domin yaro mai wayo yakan gane amsa daga siffarta ko da bai gane darasin ba. Sai kuma a tuna an shafe sama da shekara goma babu tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare, sai a 2022 aka ƙaddamar da dawo da shi. Yawancin matasan iyayen yau sun taso a kusa da wannan giɓin.

Abin da ya fi ci min rai shi ne jin uwa ta ce, “Ni ban yi boko ba, me zan koya masa?” A lissafin aji shida wataƙila tana da uzuri. A wannan darasin kuwa ta fi malamin cikin waya sanin rabin abin da ake magana a kai. Ta san waye dangin wa. Ta san yadda ake neman aure tun daga gaisuwar iyaye har buɗar kai, ta san yadda adashi ke zagayawa da abin da ake yi idan wata ta kasa zubi, ta san dalilin da masara ke araha da kaka ta yi tsada da bazara. Wannan na ƙarshe shi ne babin kasuwa da farashi gaba ɗayansa. Abin da take buƙata kawai ta ce, “Zo nan, faɗa min da Hausa me aka ce yau.” Yaron da ya iya juya darasin zuwa harshen gida ya gane shi. Wanda ya kasa, komai makin da wayar ta ba shi, da sauransa. Ba kuma sabon abu ba ne: daga 1977 har zuwa 2025 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko na firamare.

Sauran aikin a waje yake, kuma a nan nake so maganata ta isa ga maza, domin a gidaje da yawa an bar wa mata duk ɗawainiyar karatun gida. Idan an zo babin taswira, kafin yaro ya kalli ta Najeriya, a ba shi fensir ya zana hanyar da yake bi daga gida zuwa Islamiyya. Ya sa masallaci, ya sa famfon burtsatse, ya sa teburin mai shayi da injin markaɗe. A tambaye shi ina gabas, zai nuna alƙibla, daga nan sauran kusurwoyi uku sun zo da sauƙi. Bayan haka ne za a buɗe Google Maps a nemo rufin gidan, a riƙa ja da baya har gari ya ƙanƙance, har a gangara Lakwaja a ga inda kogin Kwara da Binuwai suka haɗu. A nan waya take da ranarta, tana kai yaro inda ƙafa ba za ta kai shi ba. Amma sai ya san inda ya tsaya tukuna.

Wanda ke Kano ba shi da hujja ko kaɗan. Kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har yau ana ciniki a cikinta. Marinar Ƙofar Mata tana nan, Gidan Makama yana nan da kayan tarihinsa, dutsen Dala kuwa yaro ɗan shekara takwas zai hau shi ya hango birnin. Na Katsina yana da hasumiyar Gobarau, na Daura yana da rijiyar Kusugu. Wanda ke ƙauye ma bai rasa ba: ranar kasuwa ta isa darasi, a bi buhun wake a ji daga wace gona ya fito, wace mota za ta ɗauke shi, wane gari za a sauke shi. Babin shugabanci kuma, maimakon a haddace cewa matakan gwamnati uku ne, a kai yaro ya gaida mai unguwa, a gaya masa daga shi sai dagaci, sai hakimi, sai sarki. Sannan a nuna masa ofishin ƙaramar hukuma, a gaya masa sunan kansilan mazaɓarsu da abin da ya kamata ya yi wa unguwa. Idan ya tambayi dalilin da kwatar layinsu ta toshe ba a gyara ba, a amsa masa da gaskiya gwargwadon shekarunsa. Tambayar da ake so darasin ya haifar ke nan.

Akwai wani ɓangare da ba a cika son taɓawa ba. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ɗaya daga cikin manyan burin da aka ɗora wa wannan darasi shi ne yaran ƙasar nan su san juna, su daina tsoron juna. Kwas ɗin zai nuna wa yaro bikin sabuwar doya na Ibo, da tufafin Yarbawa, da raye-rayen Tibi, ya ce a girmama kowa. Yaron ya ajiye waya ya fito tsakar gida, sai ya ji babba yana kiran wata ƙabila da sunan wulaƙanci. Wa kuke jin zai gaskata? Babu manhajar da za ta rinjayi abin da yaro ke ji daga bakin ubansa. Idan akwai maƙwabci Bayarabe ko mai shagon magani Ibo da aka saba da shi, a tura yaron da ladabi ya tambaye shi yadda ake gaisuwa a garinsu da abin da suke ci ranar biki. Mutane suna jin daɗin a tambaye su garinsu.

Matsalolin wuta da data kowa ya san su. A sauke darussa lokacin da aka samu sabis mai kyau, a yi caji idan an kawo wuta, kada zama ya wuce rabin awa ga ƙaramin yaro, kuma kada a bar shi shi kaɗai da YouTube, domin bidiyo ɗaya ke jawo wani har a ɓace. Abin da zan ja kunne a kai shi ne taɓa masa amsa. Sau da yawa babba yana gaggawar karɓar wayarsa, sai ya ce “danna ta biyu” don a gama. An gama ɗin, amma an kuma koya wa yaro cewa cika alama ake nema. Gara ya faɗi tambayar, a tambaye shi me ya sa ya zaɓi waccan amsar. Wani lokaci za ka tarar amsarsa ce daidai a rayuwarmu, ta kwas ɗin ce ba ta dace da nan ba.

Ga makarantun da ke tura irin waɗannan darussa gida da malaman da suka fara ɗora nasu bidiyon da Hausa, roƙona ɗaya ne. A ƙarshen kowane babi a sa aiki guda da ba za a iya yinsa a kan allo ba. A ce yaro ya je wurin kakarsa ya tambaye ta daga wane gari iyayenta suka zo, me ya taso da su, da me ake sayen abu kafin naira ta fito a 1973, sannan ya naɗi muryarta ko ya rubuta abin da ta ce ya turo wa malami.