Kura da Shan Bugu: Waiwaye kan Ƙungiyar The Teenagers

Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Karin maganar nan ce ta faɗo mana a rai da muka sake sauraren "Why Do Fools Fall in Love", waƙar da samari biyar na birnin New York suka fitar a 1956. Jagoransu, Frankie Lymon, shekararsa 13 kacal.

Salonsu, wato doo-wop, muryoyi ne jarinsa: siririya ta ja baiti, sauran su yi amshi, kakkaura ta riƙe ƙasa tamkar ganga. A ganinmu kalmomin waƙar ba su da zurfi. Armashinta yana cikin jituwar muryoyin.

Amma a takarda, sai ga sunan mai kamfanin faifan, George Goldner, cikin marubutanta, daga baya kuma na Morris Levy. Biyu daga cikin mawaƙan, Herman Santiago da Jimmy Merchant, suka kai ƙara, suka yi nasara a 1992. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1996, domin sun makara. Lymon kuwa ya rasu tun 1968.

'Yan'uwa marubuta, kafin mu miƙa littafinmu ga ɗan kasuwa, mu tabbatar an rubuta yarjejeniya, an sa hannu.