BABI NA BIYU: RAYUWAR BALARABA RAMAT YAKUBU DA TASIRINTA A KAN LITTATTAFANTA NA FARKO

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi rayuwar marubuciyar kafin ta yi suna, domin a gano inda ta samo jigoginta. Dalili kuwa shi ne, a muhawarar da aka yi a shekarun 1990 kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, an sha yi wa littattafan lokacin kuɗin goro da sunan littattafan soyayya. Wannan babi zai nuna cewa wannan suna bai dace da ayyukanta na farko ba.

2.1 Tasowarta

An haifi Balaraba Ramat Yakubu a Kano a shekarar 1959. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban ƙasar da aka kashe a 1976. Amma ɗaukakar yayanta ba ta sauya mata rayuwa irin ta sauran 'yan matan zamaninta ba. An cire ta daga makaranta, aka yi mata aure tana da kimanin shekara 13, auren kuma bai daɗe ba ya mutu. Daga baya ne ta koma neman ilimi ta hanyar karatun manya. Ita da kanta ta bayyana cewa yankewar karatunta ce ta sa take rubutu da Hausa maimakon Ingilishi.

2.2 Fara Rubutu

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987. Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? suka biyo baya a 1990. A wancan lokaci tattalin arziki ya taɓarɓare, manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya sun ja baya wajen buga sababbin marubuta. Saboda haka marubuci shi ke neman kuɗin bugu, ya kai wa 'yan kasuwa. Wannan hali ne ya haifar da ƙungiyar Raina Kama, wadda Balaraba ke cikin jagororinta tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba. Rashin edita ya bar tabo a littattafan, musamman ta fuskar ƙa'idojin rubutu. Ko a sunan littafinta an rubuta "kuykuyo" a maimakon "kwikwiyo".

2.3 Alaƙar Rayuwa da Jigo

A Wa Zai Auri Jahila? babbar tauraruwa, Abu, yarinyar ƙauye ce da mahaifinta ya cire daga makaranta. Ɗan'uwanta Amadu ya ƙi aurenta saboda ba ta yi karatu ba, aka ɗaura mata aure da tsoho, Sarkin Noma. Ta gudu Kano, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Kamancin labarin da rayuwar marubuciyar a fili yake, sai dai ba tarihinta ta kwafa ba. Ita 'yar birni ce, amma ta kai labarin ƙauye, inda matsalar ta fi tsanani. Mai karatu a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa ba ya bukatar a yi masa bayanin gidan da Abu ta fito.

A Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, ƙarfin labarin yana cikin al'amuran yau da kullum: kuɗin cefane, da kuɗin makarantar yara, da sana'ar sayar da abinci da Rabi ta kama bayan Alhaji Abdu ya kore ta da 'ya'yanta saboda amarya. Wanda ya zauna a tsakar gida ne kaɗai zai iya kawo irin wannan lissafi daki-daki.

Duk da haka akwai rauni. Marubuciyar kan yi gaggawar hukunta azzalumi, kamar gobarar da ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, abin da ya sa zubin labarin ya karkata ga wa'azi. Amma mayar da Rabi gidan mijinta ba da son ranta ba ya nuna cewa marubuciyar ba ta yaudari mai karatu game da iyakar 'yancin mace ba.

2.4 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa aure da saki da ilimin mata su ne ginshiƙan ayyukanta na farko, soyayya kuwa 'yar rakiya ce. Wannan ne ya ba su tsawon rai, har Aliyu Kamal ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga shi a 2012. Babi na gaba zai nazarci salo da sarrafa harshe a littattafan uku.