Taswirar da ke Bakin Mawaƙi

A tarukan malamai an saba ajiye mawaƙi sai an gama gabatar da takardu, an ci an sha, sannan a kira shi ya ɗebe wa mutane kewa. Idan taron na malaman labarin ƙasa ne kuwa, a ganina abokin sana'a aka shimfiɗa wa tabarma a bakin ƙofa. Mawaƙin Hausa ya daɗe yana koyar da wannan darasi, sai dai shi kunnen jama'a ne allonsa.

Tushen abin kirarin gari ne. Yaron da bai taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba ya san Kano tumbin giwa ce, Katsina kuma ɗakin kara. Ko labarin Hausa Bakwai, idan aka ajiye batun macijiya da rijiya, rabon arziki ne tsakanin garuruwa: Kano da Rano na da baba da rini, Katsina da Daura na da kasuwa, Gobir da ke bakin iyakar arewa ta riƙe yaƙi. A kan wannan maroƙa da makaɗa suka ɗora nasu.

Bayan kafa ƙungiyar haɗin kan Afirka a Adis Ababa a 1963, Abubakar Ladan Zariya ya rera waƙarsa ta haɗa kan al'ummar Afirka, ya bi ƙasashen nahiyar yana ambatonsu. Rediyo ta kai ta rumfar tela da teburin mai shayi, mutanen da ba su taɓa riƙe littafin taswira ba suka haddace sunayen. Malamin da ya taɓa fama da ɗalibai a kan haddar ƙasashe, alli ya ƙare, murya ta dushe, ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Mamman Shata, mutumin Musawa da ya rasu a 1999, nasa salon na matafiyi ne. Idan yana yabon direba ko attajiri, sai ka ji garuruwa na faɗowa ɗaya bayan ɗaya a kan kiɗan kalangu, kamar madugu na lissafa wa ayari zango a hanyar Gwanja. Bai tsaya a doron ƙasa ba, har kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969 ya yi wa waƙa.

To amma fa taswirar mawaƙi ba ta da ma'auni, ko kuma a ce ma'auninta alheri ne. Garin da aka ba shi doki da riga sai ya kumbura ya cika takarda, wanda aka yi masa rowa ya ɓace ko ya sha zambo. Mai sauraron Narambaɗa zai rantse Isa ce cibiyar duniya, don can ubangidansa Sarkin Gobir Ahmadu yake. A taswirar jihar Sakkwato kuwa ɗigo ɗaya ce a gabas. Ni ban ɗauki wannan aibi ba. Nan ne ma malami zai samu abin yi, ya tambayi aji me ya sa tsoffin mawaƙan fada suka fi cika baki da Gobir, Zamfara da Kabi, kuma wace hanyar fatauci ko wane kogi ya raya garuruwan da suke kira.

Akwai kuma kalmomin da waƙoƙin noma suka adana: fadama, jigawa, dausayi, tudu, kwari, bazara, kaka. Ɗalibi ya zo da su daga gida, ya san bambancin jigawa da laka da tafin ƙafarsa, amma a aji sai a fara masa da Turanci kamar baƙo ne a ƙasar. Ga darasin kuma ya zama na zaɓi a babbar sakandare, masu ɗaukarsa sai an lallashe su.

Saboda haka masu shirya irin wannan taro, ku ba mawaƙin lokaci tun kafin a kawo tuwo. A rataye taswira a bayansa, a miƙa wa wani malami sanda, duk garin da ya ambata a nuna shi.